Wurin da Ta Ajiye a Bencin Baya

Akwai wani kafinta, dattijo mai furfura a gemu, wanda duk unguwarsu ba a kiransa da komai sai Baba Kafinta. Mabiya wannan shafi, labarinsa zan ba ku yau, kuma tun yanzu ina gaya muku, ba na dariya ba ne.

Mutumin nan ya san katako. In ka kawo masa kujera gyara, sai ya shafa ta da tafin hannu ya ce maka mai zama a kanta yana da jiki, kuma ta hagu yake jingina. Ka koma gida ka duba, haka ne. Yakan ce mutum yana ƙarya, amma katako ba ya ƙarya, duk abin da aka yi a kansa yana nan ga mai ido.

A coci kuwa shi ne shugaban dattawa. Bencin farko, gefen dama, nan ne wurinsa, ko baƙo ya san ba a zama a nan. In aka ce Baba Kafinta ne zai yi addu'a, mai goyo sai ta gyara goyonta, don ta san ba yanzu za a ce amin ba. Tarihin waliyyai kuwa a kansa yake. Wanda aka jefa wa namun daji, wadda aka ƙone don ta ƙi musun Almasihu, duk zai ba ka har da shekara. Kuma kowane labari wuri ɗaya yake ƙarewa a bakinsa: "Ba su lanƙwasa ba. Mai bi na gaske ba ya lanƙwasa."

A shagonsa, sama da inda yake rataye zarto, akwai hoton waliyyin nan kafinta da ya reni Yesu. Kullum da safe sai ya goge masa ƙura da hannun riga, ya ce, "Maigidana a sana'a ke nan."

Yana da mata, 'yar ƙaramar mace mai ɗinki a ɗaki da keken hannu, wadda maganarta ta yini ba ta cika cokali. Suna da 'ya'ya biyu. Na fari namiji, tsawo ne ya ba shi suna, kowa Dogo yake ce masa. Ta biyu mace, Auta. Ita kuwa uwar, kamar yadda aka saba, Maman Dogo ake kiranta.

Dogo a shagon ubansa ya tashi, kuma hannunsa ya faɗa. Da aka ba Baba Kafinta aikin sababbin bencunan coci guda arba'in, su biyu suka yi shi, wata bakwai suna kai. Kowane benci da katakon durƙuso a gabansa, da allon ɗora hannu in an durƙusa. Sai dai a lokacin Dogo ya riga ya faɗa cikin abokan banza, ya fara sha. Uban ya yi faɗa, ya yi duka, ya karanta masa tarihin waliyyai har ya gaji.

Ranar da za a sa wa bencunan albarka, coci ta cika maƙil. Fada, limamin cocin, ya kira Baba Kafinta gaba don jama'a su gode masa. Yana tsaye cikin sabuwar riga, ya buɗe baki zai yi jawabi, sai ga Dogo ya shigo ta tsakiya yana tangaɗi.

"Ni ma na yi aikin," in ji shi da ƙarfi. "A kira ni mana. Ni na goge su duka."

Bai kai gaba ba ya yi tuntuɓe, ya kife tsakanin bencuna, ya yi amai a kan sabon fenti. Wasu suka kau da kai, wasu yara suka tuntsire da dariya.

Kunya ba ta kashe mutum, da Baba Kafinta ya mutu a wurin. Ya jira aka tashi, ya tsaya a ƙofar coci inda kowa zai ji, ya ce, "Ku zama shaida. Daga yau ba ni da ɗa namiji. In ya tako gidana, ni zan bar masa gidan."

Magana zarar bunu ce. Kuma mutumin da ya yi shekaru yana wa'azin kada a lanƙwasa, ta ina zai janye tasa?

Bai tsaya nan ba. Ya hana a ambaci sunan a gidansa. Har matarsa ya sauya wa suna, ya ce daga yanzu Maman Auta ce. Maƙwabta suka bi, matan coci suka bi. Mutum ɗaya ce ta ƙi, wata tsohuwa mai sharar coci da ake kira Kaka. Ita ko a gabansa Maman Dogo take cewa, in ya harare ta, ta ce kunnenta ya tsufa, ba ya koyon sabon suna.

Sau ɗaya matar ta gwada magana. Ta ajiye masa abinci, ta zauna a ƙasa kusa da ƙafarsa, ta ce, "Maigida, hannunka ba ya ruɓewa ka yanke ka yar."

Ya ce, "Likita ma yana yankewa in ya ruɓe. Kada ki ƙara."

Ba ta ƙara ba. Amma daga makon nan ta bar layin matan dattawa, ta koma bencin ƙarshe, can baya kusa da ƙofa, inda masu makara da masu jarirai suke zama. A bangon wurin akwai wani tsohon hoto da ya koɗe, na waliyyiyar nan uwa da ta shafe shekaru tana zubar da hawaye gaban Ubangiji saboda ɗanta da ya bauɗe. Kuma ta fara zuwa sujadar safe ta kowace rana, wadda ba ta tara mutum ashirin.

Abin ya riƙa ba shi haushi, sai ya mayar da shi tsokana. In ta dawo ya ce, "An dawo, waliyyiyar bayan coci? Yau me aka ce wa Allah? Ni dai ban taɓa jin muryarki a addu'a ba. Ko Shi ma sai Ya kasa kunne."

Sai ta yi murmushi ta zauna kan kekenta.

Wata rana ta kai masa abincin rana shago, ta tsaya tana kallon hoton da ke saman zarto. Ta ce, "Wai ni kam, wannan maigidan naka, me ya taɓa faɗa? Duk waliyyai kana ba mu maganarsu, shi ban ji ba."

Baba Kafinta ya buɗe baki, ya laluba, ya rasa. Ya ce, "Ai shi ba a rubuta maganarsa ba. Ko ɗaya."

Ta ce, "Ashe." Ta ɗauki kwanon jiya ta tafi.

Shekaru suka yi ta tafiya. Auta ta yi aure ta tafi nata gidan. Gida ya rage daga shi sai ita sai ƙarar keke. Can wajen shekara ta bakwai, sai ta tsiro da wani roƙo. Duk ranar Talata da yamma, in ya gama cin abinci, sai ta ce, "Maigida, gobe Laraba. Da ka raka ni sujadar safe, ka zauna kusa da ni ko sau ɗaya."

Yakan ce, "Ni da aiki ya yi mini yawa? Ai ina zuwa Lahadi. Kuma shugaban dattawa guda ya koma bencin masu makara, a ce me ya faru?"

Shekara biyar tana wannan roƙon. Jama'a, shekara biyar. Mutumin da yake gane ta ina mai kujera yake jingina, bai taɓa tambayar kansa me ya sa Laraba ba, me ya sa ba Litinin ko Juma'a ba. Abin nan yana ci mini rai duk lokacin da na tuna.

A shekara ta goma sha biyu ciwo ya kwantar da ita. Tun ana cewa gajiya ce har aka kai asibiti, likita ya kira shi gefe ya yi masa magana a hankali. Baba Kafinta ya tara dattawa a bakin gadonta, ya yi addu'ar da sai da ma'aikaciyar jinya ta leƙo ta roƙe shi ya rage murya saboda sauran marasa lafiya.

Da suka watse, matar ta kama hannunsa. Hannun ya zama ba nauyi. Ta ce, "Alfarma ɗaya nake nema."

"Faɗi."

"Ranar Laraba ka je mini sujadar safe. Ka zauna a wurina."

Ya ce, "To. Ke dai ki warke mu je tare."

Ta ce, "Ka ce to fa."

"Na ce to."

Ranar Litinin da hantsi ta cika.

A maƙabarta, ana cikin sauke akwatin da ya yi mata da hannunsa, Baba Kafinta ya ɗaga kai. Can bayan jama'a, jikin katanga, ya hango wani dogon mutum tsaye, ya riƙe hula a ƙirji, hawaye na zuba. Idonsu ya haɗu. Ƙafar dogon ta motsa kamar zai taho. Sai uban ya tuna dattawa suna kewaye da shi, ya tuna abin da ya faɗa a ƙofar coci, ya juyar da fuskarsa.

Larabar farko gidan cike yake da masu gaisuwa, bai je ba. Ta biyu ya ce jikinsa ba daɗi. Ta uku ya gaya wa kansa ai maganar zafin ciwo ce. Gaskiyar ita ce, ba ya son ya ga wurin da babu ita. Haka alkawarin ya bi ruwa.

Ya ci gaba da zuwa Lahadi, ya ci gaba da addu'a a gaba. Mutane suna yaba ƙarfin zuciyarsa, suna cewa ga mai bi na gaske. Amma in ya dawo gida ya ga keken ɗinki an lulluɓe shi da zane, sai ya zauna a bakin gado ya rasa abin da zai ce wa Allah. Ashe duk addu'o'in nan nasa sai da masu sauraro suke fitowa.

Bayan wata huɗu Fada ya same shi. Ya ce, "Baba, bencunanka sun kwana biyu. A sake musu fenti, katakon durƙuson da ya lalace a canja. Kuma aikin zai ɗan ɗebe maka kewa."

Ya karɓa. Washegari bayan sujadar safe, da mutane suka watse, ya shiga da akwatin kayan aikinsa. Ba kowa a cocin sai Kaka da tsintsiyarta.

Ya fara daga gaba, daga nasa bencin. Ya duba katakon durƙuso na inda yake zama, ya ga fenti na nan yana ƙyalli kamar jiya aka shafa. Ya ji daɗi, ya ce a ransa aiki ya yi kyau. Sai can wani tunani ya ɗarsu masa: katakon da ake durƙusawa a kai ba ya ƙyalli bayan shekara goma sha biyu. Ya yi saurin wucewa benci na gaba.

Kwana uku yana aiki, yana ja da baya layi layi. A rana ta huɗu da hantsi ya kai bencin ƙarshe. Ya daɗe tsaye kafin ya sunkuya.

A tsakiyar katakon, fentin ya cinye ƙarƙaf har farin itace ya fito, wuri biyu 'yan ƙanana, kusa da juna, sun yi santsi har sun ɗan lotsa. Gwiwoyin ƙaramar mace. A kan allon ɗora hannu kuma akwai wani tabo mai duhu, daidai inda goshi zai kwanta, itacen ya sha ruwa ya bushe, ya sha ya bushe. Rufin cocin ba ya yoyo a nan. Ya san wane irin ruwa ne.

Ya ɗora tafin hannunsa a wurin. A ransa ya ce, Allah sarki, duk saboda wancan ɗan da bai san ciwon kansa ba.

Sai idonsa ya kai hagu. Akwai wani sawun gwiwoyi, manya, masu tazara, ba su kai nata zurfi ba, amma ba na wata ɗaya ko biyu ba ne. Ya duba ƙasan bencin ta baya, ya ga inda bakin takalmi ya yi ta gogar katako. Mai durƙusawa a nan ƙafarsa doguwa ce, wurin bai ishe shi ba.

A dama kuwa, daidai faɗin mutum ɗaya, fenti sabo ful. Ko ƙwarzane babu.

Ya sa hannu ya kwance katakon, ya kifa shi. Da ya ga abin da ke wurin, sai ya zauna a ƙasa.

Katakon ya taɓa tsagewa ta ƙasa, wani ya gyara. Ba da ƙusar ƙarfe ba. An fafe rami uku a karkace, an buga 'yan turakun itace, biyu sun kalli juna, na ukun ya gitta su, an shafe kansu har yatsa ba ya jin gaɓa. Wannan ɗauri wurin mahaifinsa ya koya shi. Duk garin ba mai yin sa. Kuma a duniya mutum ɗaya ya taɓa koya wa.

Ƙarar tsintsiya ta tsaya. Kaka ta zo ta tsaya a kansa.

Ya ce, "Kaka, wa ya gyara wannan?"

Ta ce, "Kai da katako ba ya yi maka ƙarya, ni kake tambaya?"

"Yana zuwa nan?"

Ta jingina tsintsiyar, ta zauna a bakin benci tana nishi. Ta ce, "Shekara biyar, duk Laraba. Ita ce ranar hutunsa a wurin aiki. Motar farko yake shigowa daga can ƙarshen gari. Ya bar sha da daɗewa, Maman Dogo ce ta bi shi lungu lungu har ta samo shi a wani kango, ba ta gaya wa kowa ba. Yanzu yana da mata, yana da 'ya. Nan yake durƙusawa, hagunta."

"Me ya sa ba ta gaya mini ba?"

"Wa ya hana a ambaci sunan? Ta ce in ta faɗa da baki, za ka rantse ba za ka zo ba, kuma kai in ka rantse an gama. Ta ce gara ka shigo da ƙafarka ka gan shi a durƙushe, wataƙila idonka ya yi abin da kunnenka ya ƙi."

Ya nuna wurin da fenti yake sabo.

Kaka ta ce, "Nan jakarta take ajiyewa. Ko coci ta cika ranar Lahadi ba ta ɗagawa. In an ce ta matsa, sai ta ce a yi haƙuri, wurin maigidana ne, yana hanya. Har dariya ake yi mata, ga ka can gaba kowa na ganinka."

Ta goge ido da bakin zane, sannan ta ci gaba. "Ni ina shara kusa da ita, ina jin abin da take faɗa. Ba dogon abu ba ne. Shekarun farko, Ubangiji ka dawo mini da ɗana, shi ke nan, ta yi ta maimaitawa. Da yaron ya dawo na ɗauka za ta huta. Ina, sai kukan ya ƙaru. Sai na ji ta sauya. Ubangiji, ka dawo mini da ɗan, saura uban."

Baba Kafinta ya ce, "Ni? Ni ina na je?"

Kaka ta dube shi. Sai ya sunkuyar da kai. Laifi tudu ne, ya taka nasa shekara goma sha biyu yana hango na ɗansa.

Da ta tashi za ta ɗauki tsintsiya, ta ce, "Bayan rasuwarta ya zo Laraba huɗu. Ta gaya masa a asibiti ka ce to. Yakan zauna har a kashe kyandir, yana waigen ƙofa. A ta huɗun ya ce mini, Kaka, sai wata rana. Ban ƙara ganinsa ba."

Dattijon nan da bai yi kuka a gaban kabarin matarsa ba, ya rungume katako a ƙirji ya yi kuka kamar ransa zai fita. Ba abin da yake faɗa sai, "Maman Dogo. Maman Dogo." Rabonsa da kiranta haka shekara goma sha biyu, yau ga shi yana kira ba mai amsawa.

A ranar ya karɓi kwatancen inda Dogo yake aiki wurin Kaka, ya shiga mota. Ya sami wurin, wani babban shagon kujeru da gadaje. Dogo na sunkuye yana goge ƙafar tebur, furfura ta fara fito masa a gefen kai. Da ya ga mai shigowa, ya ajiye abin da ke hannunsa, ya rusuna.

"Sannu da zuwa, Baba."

"Na ga gyaran da ka yi," in ji uban. Abin da ya iya fitowa ke nan. "Ya yi kyau. Ya fi nawa."

Dogo ya miƙe tsaye.

Sai Baba Kafinta, shugaban dattawa, mai wa'azin kada a lanƙwasa, ya durƙusa a cikin garin katako, a gaban ma'aikata, ya ce, "Ɗana, ka yafe mini."

Dogo ya yi sauri ya kama shi. "Tashi, Baba, don Allah tashi, mutane na kallo. Ni na fara yi maka laifi. Kuma na yafe tun tuni, Mama ba ta bar ni na kwana da kai a zuciya ba."

"To ka zo ranar Laraba."

Dogo ya kau da kai. Ya ce, "Baba, ba don ni nake zuwa ina jira ba. Ita ce take son ta gan mu, ni a nan, kai a nan, ita a tsakiya, ko sau ɗaya kafin ta mutu. Duk Laraba sai ta sa zanenta mai kyau. In an tashi ta ce, wataƙila mako mai zuwa. Yanzu in na zo, wa zai gani?"



Sai ya ƙara da cewa, "Ban ce ba zan zo ba. Amma bencin nan, ƙafata ba ta iya kai ni yanzu."

Baba Kafinta ya koma. Ya gama aikin bencuna talatin da tara, suka fito kamar sababbi. Na ƙarshen kuwa ya mayar da tsohon katakon yadda yake, bai shafa masa ko ɗigon fenti ba. Da Fada ya tambaya, ya ba shi labarin duka, ya kuma roƙi a ba wani shugabancin dattawa. Fada ya ce ya yi tunani tukuna. Ya ce ya riga ya yi, ya makara ma.

Daga nan kullum da safe yana bencin baya, gefen dama, inda jakarta take zama. Kwanakin farko wahala ya sha. Gwiwa ta yi tsami, baya ya riƙe, in ya buɗe baki sai manyan kalmomin nan na gaban jama'a su taho, ya ji kunyarsu ya haɗiye. Ya ɗaga kai ya dubi hoton waliyyiyar da ya koɗe. Ya san tarihinta sarai, ya sha ba da shi, amma bai taɓa lura ba cewa ita a durƙushe ta yi nata ƙarfin halin. Ya tuna maigidansa na shago da ba a rubuta masa ko kalma ɗaya ba, ya tuna yadda matarsa ta ce ashe.

A hankali ya koyi yin shiru. Da shirun ya zauna, sai addu'a ta zo, gajeriya, irin tata: "Ubangiji, ga uban ya zo. Ka yi mini jinƙai."

Laraba ta zo ta wuce. Wata ta zo ta wuce. Duk ƙarar ƙofa sai ya waiga, ya ga wani ne. A nan ya ɗanɗani abin da ta sha shekara biyar, shi da bai yi ko wata uku ba. Kaka takan wuce da tsintsiya ta ce, "Ka gaji?" Ya ce, "Ban isa in gaji ba."

A Laraba ta goma sha ɗaya, an riga an fara sujada, ana ruwa kaɗan kaɗan a waje. Ya kifa goshi a kan allo, ya ma daina waige. Sai ya ji katakon ya motsa a ƙarƙashin gwiwarsa, nauyin mutum ya sauka a can hagu. Ya ji bakin takalmi ya gogi ƙasan benci ta baya.

Bai ɗaga kai ba. Kafinta ne, ya san waye.

Ba wanda ya matsa kusa da ɗan'uwansa. Uban na dama, ɗan na hagu, a tsakaninsu ga 'yan gurabun gwiwoyi biyu, farare, daidai faɗin ƙaramar mace. Abin da ta roƙa shekara da shekaru ya cika, saura ita.

Can uban ya miƙa hannu ya ɗora a kan tabon da goshinta ya bari. Jim kaɗan wani hannun, mai kaushi irin nasa, ya sauka a kai. Kaka ta tsaya daga nesa da tsintsiyarta, ranar ba ta share layin baya ba.

Har yau in ka shiga cocin za ka ga bencuna talatin da tara suna ƙyalli, ɗaya a baya ya koɗe. Gefen damansa ma yanzu fentin ya fara cinyewa.

Darasi: Sanin tarihin waliyyai ba shi ne bin sawunsu ba, kuma ƙarfin murya ba shi ne zurfin addu'a ba. Waliyyai sun ƙi lanƙwasa wa zunubi ne, amma gaban Allah da gaban 'yan'uwansu a durƙushe suka rayu. In akwai wanda ka rufe wa ƙofa, buɗe yau. In akwai mai roƙonka ka zo ku durƙusa tare, je wannan makon, kada ka ce mai zuwa, domin Allah yana amsa addu'a, amma mai ajiye maka wuri ba zai dawwama ba. Ku tura wa 'yan'uwa wannan labari, wataƙila akwai wani uba ko wani ɗa da ake jira a bencin baya.